Babur, Waya da Ɗan Lissafi: Yadda Za Ka Gane Ciwon Mashin Tun Kafin Ya Ajiye Ka a Hanya

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai babur ya koma lissafi, ko yana so ko ba ya so. Sai dai yawancinmu lissafin aljihu muke yi: na sha man dubu kaza da safe, ga shi la'asar ba ta yi ba na koma rizab. Wannan ba ya nuna maka ko mashin ne ke zuƙar mai, ko lita ce ba ta cika ba, ko kuwa zirga-zirgarka ce ta ƙaru. Babur ba ya lalacewa dare ɗaya. Makonni kafin ya tsaya yakan nuna alama a wuri biyu da ake iya aunawa, wato yawan man da yake sha a kowace tafiya da ƙarfin wutar batirinsa. Wanda yake rubuta waɗannan biyun yana zuwa wurin bakanike ne da bayani a hannu, ba da "duba mini, wani iri nake ji" ba.

Abin da zan zayyana ya fi dacewa da ƙananan baburan da suka cika titunanmu, irin su Boxer da Jincheng da Haojue da TVS masu kafireto da sarƙa. Kayan aunawar kuwa buɗaɗɗun manhajoji ne, wato waɗanda masu su suka saki asalin rubutunsu kowa ya gani, ya yi amfani, ya gyara, ba tare da biyan ko sisi ba.

Da farko, daidaita mashin ɗin kansa

Aunawa ba ta da amfani a kan babur da ke cikin wahala. Ka ware safiya ɗaya, ka tanadi sifana, sukundireba, filaya, tsumma, kananzir kaɗan da tsohon buroshin haƙori.

Fara da juye. Ka ɗan zagaya da mashin na minti biyar baƙin man ya yi ɗumi, ka ɗora shi kan babban jak, ka kwance notin ƙasan inji ka bar man ya tsiyaye sarai. Ka duba abin da ya fito. Idan ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, akwai abin da ke cin kansa a ciki. Irin waɗannan injuna kusan lita ɗaya suke ɗauka, amma kada ka zuba da ka, ka duba sandar awo. Wajen saye, ka nemi 20W-50 wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan ɗinsa. Dalili shi ne kulocin babur a cikin baƙin man yake iyo, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci ya riƙa zamewa: ka murɗa totur, inji ya yi kuka, gudu bai ƙaru ba, mai ya ƙone a banza. Da ƙurarmu da zafinmu, ni ba na ba da shawarar a wuce kilomita 2,000 ba a yi juye ba. Kuma man da ake aunawa daga duro a bakin titi, komai arharsa, ka bar shi.

Sai matatar iska. A nan ne hunturu yake yi mana ɓarna a ɓoye. Buɗe akwatin da ke gefe, ka zaro soson. Idan na soso ne, ka wanke da kananzir, ka matse shi a tafin hannu ba tare da murɗewa ba don kada ya yage, ka bari ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka murza ya game ko'ina. Wannan danshin man shi ne yake kama ƙurar. Idan ta takarda ce ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi, in ta yi baƙi a sauya. Akwai masu cire matatar gaba ɗaya wai mashin ya ƙara numfashi. Wannan yashi ne kake ɗura wa ring da fistin.

Fulogi kuma shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a cikin inji. Ka kwance shi inji na sanyi ka dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa mai haske, lafiya lau. Baƙi ƙirin mai busasshen gawayi, mai ya yi wa iska yawa, ko dai matata ta toshe, ko cok ya maƙale, ko kafireto na buƙatar saiti. Fari fat, iska ta fi mai, inji na zafi fiye da kima. Baƙi mai maiƙo kuwa, baƙin mai ne ke haurowa, kuma za ka ga shuɗin hayaƙi a salansa. Tazarar bakin fulogi kusan milimita 0.7 ce. Wajen mayarwa ka fara ɗaurawa da hannu har ya zauna kafin ka sa sifana, domin zaren kan inji na alminiyom ne, da wuri yake cinyewa.

Sarƙa: ka juya tayar baya a hankali har ka sami inda ta fi tsauri, a nan za ka auna. A tsakiyar layin ƙasa ya kamata ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Ka sassauta babban notin tayar, ka ja notunan saiti na dama da hagu daidai wa daida kana duba zanen da ke jiki, ka ɗaure, sannan ka sake duba birkin baya don jan taya yana sauya shi. Sarƙar da ta yi tsauri ta fi mai sako-sako illa, tana cin boris. A wanke da kananzir, a shafa man giya mai kauri. Giris yana tara yashi.

A ƙarshe iskar taya. Ka tsaya wurin mai faci ka ce ya auna da geji, ba da bugun hannu ba. A yawancin ƙananan baburan nan a ma'aunin PSI na gejin, gaba 25 ne, baya 28, in da goyo ko kaya 32. Taya mai ƙarancin iska tana shan mai shiru-shiru.

Shirya wayar

Kusan kowace irin wayar Android ta isa, ko tsohuwar da aka ajiye a durowa, muddin GPS ɗinta na aiki. GPS ba ya cin data, ba ya ma buƙatar layi, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo kai tsaye. Abin da ke cin data shi ne sauko da taswira, kuma za mu yi wannan sau ɗaya tak.

Ka shiga f-droid.org ka sauke F-Droid. Rumbun manhajoji ne kamar Play Store, yana nan tun 2010, amma buɗaɗɗu kaɗai ake sawa a cikinsa. Wayar za ta tambaye ka ko ka yarda a saka manhaja daga wajen Play Store, sai ka amince wa wannan kaɗai. Daga shafin nasu na asali za ka ɗauko, ba wanda wani ya tura maka ta WhatsApp ko Xender ba.

A ciki ka nemi OsmAnd~, da wannan 'yar alamar a ƙarshe. Na kyauta da ke Play Store yana ƙayyade yawan taswirar da za ka sauke, na F-Droid bai da wannan shingen. Ka sami wurin da intanet ke da ƙarfi ka sauke taswirar Najeriya, ko Nijar, ko duk ƙasar da kake. Daga nan ko a dajin da babu sabis za ta nuna maka inda kake. Idan wayarka mai rauni ce, ko kana son abu mai sauƙi, Organic Maps ta fi saurin fahimta. Dukansu daga OpenStreetMap suke ɗebo taswira, wadda aka fara a Ingila a 2004, kuma masu sa kai ne suke zana ta. Amma don aikinmu na fi son OsmAnd saboda ƙarfinta wajen naɗar tafiya. Ka shiga jerin ƙarin kayanta ka kunna wanda ake kira Trip recording. Wani maɓalli zai fito a fuskar taswira, in ka taɓa shi sai ta fara ƙirga nisan da ka yi. Abu ɗaya da ke ba mutane ciwon kai: wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin caji. Ka shiga saitin batir ka cire OsmAnd daga wannan takunkumin, in ba haka ba za ka dawo ka tarar ta naɗi rabin hanya.

Me ya kawo wannan duka cikin maganar gyaran babur? Ka leƙa mitar baburan da ke tsaye a kowace majalisa, za ka ga da yawa allurar a kwance take, wayar mitar ta tsinke tun tuni ba a sauya ba. Babur marar mita ba a san kilomitarsa ba, don haka ba a san lokacin juye ba, ba a san shan mansa ba. Wayarka ta zama mitar.

Lissafin mai, wanda shi ne zuciyar aikin

Ka je gidan mai ka cika tanki har wata alama da za ka iya tunawa, misali gindin wuyan tankin, mashin yana tsaye sak. Kada ka rubuta komai a wannan karon sai karatun mita, ko ka fara naɗar tafiya. Ka yi harkokinka kamar kullum. Idan mai ya yi ƙasa ka koma ka sake cikawa har wannan alamar, ka rubuta litar da ta shiga. Wannan litar ita ce ainihin abin da ka ƙona. Sai ka raba kilomita da lita. A ce ka yi kilomita 210, aka zuba maka lita 4.2, to mashin ɗinka yana yin kilomita 50 a lita.

Na san ba kowa ke da kuɗin cika tanki a lokaci guda ba. Akwai wata hanyar: ka yi amfani da rizab a matsayin alama. Da zarar mashin ya fara shaƙewa ka juya makunnin mai zuwa rizab, ka lura da kilomita. Duk man da ka saya daga nan ka rubuta litarsa, har zuwa ranar da ya sake neman rizab. Jimillar litar da ka zuba tsakanin rizab biyu ita ce ka ƙona. Litar za ka rubuta, ba kuɗi ba, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Awo ɗaya ba ya nuna komai. Ka tara huɗu ko biyar, ka ɗauki matsakaicinsu, wannan shi ne lambar lafiyar mashin ɗinka. Kada ka gwada ta da ta maƙwabcinka, domin mai ɗaukar buhunan masara zuwa kasuwar ƙauye da malamin makarantar da ke tafiya shi kaɗai a kan kwalta ba za su taɓa samun lamba ɗaya ba. Da kanka za ka gwada kanka.

Wurin rubutawa: in kana da kwamfuta, LibreOffice Calc ta wadatar. Layi biyar kawai, kwanan wata, kilomita, lita, inda ka sayi man, da abin da aka taɓa a mashin. A layi na shida ka sa ta raba na biyu da na uku. A waya kuma akwai Markor a F-Droid, littafin rubutu ne mai sauƙi da ke ajiye komai a cikin wayarka. Ko littafin makaranta mai shafi arba'in ma ya yi, in dai za ka riƙe shi.

Layin "inda na sayi man" kada ka raina shi. Bayan wata biyu za ka ga da idonka cewa man wani wuri kullum yana ba ka lamba ƙasa da ta sauran. Ko litarsu ba ta cika, ko man gauraye ne. Ba sai ka yi rigima da kowa ba, sai ka sauya wurin saye. Haka man kwalba na 'yan bumburutu: wani lokaci dole ce ke sawa, amma yakan zo da ruwa da datti. Bayan ka sha shi, ka rufe makunnin mai, ka sassauta ɗan sukurun da ke gindin kafireto, abin da ya taru a kwanon ya zube cikin wani murfi ka duba. Ruwa yana kwanciya a ƙasan fetur kamar ƙwayar idon kifi.

Idan lambar ta faɗi da kamar kashi goma cikin ɗari sau biyu a jere, kuma ba kaya ka ƙara ba, ka bi wannan jerin daga mai arha zuwa mai tsada: iskar taya, birkin da ke riƙewa, wanda za ka gane in ka ɗaga tayar ka juya ta da hannu ta ƙi sakewa, matatar iska, fulogi, ɗigar mai a tiyo ko gindin kafireto, sarƙa. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a zo maganar saitin bawul, kuloci, ko ring. Wannan jerin kaɗai zai hana a sauke maka inji a kan matsalar da soson matata ne.

Wutar mashin da cajar waya

Ka sayi ƙaramar mitar auna wuta irin ta masu gyaran rediyo. Ka juya ta kan DC 20, jan tsinke a kan batir mai alamar +, baƙi a ɗaya kan. Da safe kafin a tayar da mashin, batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6. In ya sauka ƙasa da 12.2 ya yi rauni. Ka tayar, ka ɗan ba shi wuta: ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai motsa daga 12 ba, caji ba ya shiga, a duba fiyus, kwayil mai samar da wutar, da rektifaya mai daidaita ta kafin ta shiga batir. Idan ya haura 15, rektifaya ta daina tsare wuta, za ta dafa batir ta riƙa ƙona ƙwan fitila. Mutane da yawa suna sayen sabon batir sau biyu a shekara alhali laifin na rektifaya ne.

Wajen haɗa cajar USB, kuskuren da ya fi yawa shi ne jawo wuta daga wayar babbar fitila. A yawancin ƙananan baburan nan fitilar gaba kai tsaye take shan wuta daga kwayil, wuta ce mai kaiwa da komowa wadda ke hawa da sauka da totur, shi ya sa hasken ke ƙaruwa in ka ba da wuta. Caja ba ta jure wannan. Kuskure na biyu shi ne ɗaurawa kai tsaye a batir, sai cajar ta riƙa tsotsa ko mashin na kashe. Abin da ya dace shi ne ka nemo wayar da ke samun wutar batir bayan an murɗa makulli, kamar wadda ke zuwa hon ko makunnin fitilar birki. Da mitarka za ka tabbatar: makulli a kashe sifiri, a kunne 12 ko inji bai tashi ba. Ka cire wayar batir mai alamar - kafin ka fara yanka, ka sa fiyus mai amfiya 2 ko 3 kusa da inda ka jona, ka like da dalma, ka naɗe da salatif mai kyau. Murɗa waya da hannu kawai ba ya daɗewa a kan girgizar babur.

Game da maƙala waya a kan hannun mashin, a 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar wayoyinsa. Ga kuma ranar watan Afrilu da ke sa waya ta ɗauke don zafi, ga masu fizge. Tunda naɗar tafiya ba ta buƙatar ka kalli fuskar wayar, ka jefa ta aljihu ko jaka. Idan hanya kake nema, ka tsaya gefe ka duba.

Ga mai son taɓa dalma: mitar Arduino

Gaskiya ita ce ana sayar da 'yar mitar batir da aka riga aka haɗa, da arha, kuma tana aiki. Dalilin haɗa taka shi ne za ka iya koya mata abin da waccan ba ta sani ba, musamman ƙirga awannin da inji ya yi. Arduino ƙaramin allon lantarki ne mai bin umarnin da ka rubuta masa, wanda aka ƙirƙira a garin Ivrea na Italiya a 2005, zanensa a buɗe yake, shi ya sa kwaikwayonsa masu arha suka cika kasuwa.

Kayan: Arduino Nano, ƙaramin gilashin OLED mai inci 0.96 da ƙafa huɗu, allon rage wuta LM2596, rezisto huɗu masu 10k, da fiyus. Daga wayar nan ta bayan makulli, ta fiyus, ka shiga LM2596. Kafin ka jona komai a bakin fitarsa, ka murɗa ɗan sukurun da ke kansa kana aunawa har ya nuna 5.0 daidai, domin yakan zo a saite sama da haka, kuma nan take zai ƙona allon. Wannan 5 ɗin ita za ta shiga ƙafar 5V ta Nano.

Nano ba ya iya auna abin da ya wuce 5, don haka sai an rage masa wutar batir. Ka jera rezisto uku a layi daga wayar bayan makulli mai volt 12 zuwa ƙafar A0, na huɗun kuma daga A0 zuwa GND, wato ƙafar da ke haɗuwa da kan batir mai alamar -. Yanzu kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa gare shi, ko wuta ta kai 16 shi 4 zai gani. Gilashin kuma SDA zuwa A4, SCL zuwa A5, sai wuta da GND.

A kwamfuta ka saka Arduino IDE, ka ɗauko laburaren Adafruit SSD1306, wato shiryayyen rubutun da ke sarrafa gilashin, ka buɗe misalin da ya zo da shi ka tabbatar gilashin ya kawo. Idan kwamfutar ba ta ga allon ba, mafi yawa direban CH340 ne babu, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon. Idan ta gani amma rubutun ya ƙi shiga, ka zaɓi Old Bootloader a wurin zaɓen nau'in allo. Lissafin ɗaya ne: analogRead(A0) yana ba da lamba daga 0 zuwa 1023, ka ninka da 5, ka raba da 1023, ka ninka da 4. Ka sa ya karanta sau ashirin ya ɗauki matsakaici don kada lambar ta riƙa rawa. Sannan ka gwada da mitar hannunka, in ta ce 12.6 shi ya ce 12.3, ka ɗan ƙara wannan 4 ɗin har su yi daidai.

Ƙirgen awanni kuma, ka sa shi ya ƙara ɗaya duk bayan minti 6 da makulli ke kunne, ya ajiye a EEPROM, ma'ajiyar cikin allon wadda ba ta mantuwa ko wuta ta ɗauke. Goma ya zama awa ɗaya ke nan. Kada ka sa ya riƙa ajiyewa kowane daƙiƙa, don wannan ma'ajiyar kusan sau 100,000 take jure rubutu a gurbi ɗaya. Ga mai yawo cikin cunkoson gari, awa ta fi kilomita faɗin gaskiya game da baƙin mai, tunda inji na aiki ko kana tsaye a danja. Ka lura da awannin da suka yi daidai da kilomita 2,000 a irin tafiyarka, ka sa gilashin ya rubuta JUYE idan an kai. Ka zuba komai a ƙaramar roba mai murfi, ka toshe ramin wayoyi da gam saboda damina, ka ɗaure nesa da zafin inji da wayar fulogi, domin tartsatsinta na rikita allon.

Hanyoyin da ka naɗa

Bayan 'yan makonni wayarka za ta tara hanyoyi a fayilolin GPX. Za ka lura wasu da kake bi kullum, musamman na ƙauye da sababbin unguwanni, babu su a taswirar ko an zana su ba daidai ba. Kana iya gyarawa. Ka buɗe asusu a openstreetmap.org, ka ɗora fayil ɗin, ka zana hanyar a kansa, ka nuna ta ƙasa ce ko kwalta. Da manhajar Every Door kuma kana tsaye a wurin za ka sa gidan mai, mai faci, ko shagon kayan babur. Sharuɗɗa biyu: kada ka kwafo daga Google Maps, dokar taswirar ta hana, abin da ka gani da idonka za ka sa. Sannan kafin ka ɗora kowace tafiya ka yanke farkonta da ƙarshenta a cikin OsmAnd, don kada ka nuna wa duniya ƙofar gidanka da lokacin fitarka. Gyaran yakan bayyana a shafin cikin mintuna, a wayarka kuwa sai ka sabunta taswirar da ka sauke, wadda OsmAnd ke fitar da sabuwa kusan kowane wata.